Usur ɗin Labo a Maƙerar Munkaila

Munkaila maƙerin Dogarawa ne, Allah shi jiƙan shi. Duk hauyar da ta noma hatsi a garin daga hannunshi ta hito, kuma ya san da haka. Ƙanenshi Labo kuwa ko lauje bai iya ƙerawa ba, sai ya tsallaka Nijeriya, ya samu aikin zuba kwal a wutar jirgin ƙasa na Ƙaura Namoda.

Shekara sha huɗu shina can. Da anka kawo jirage masu shan mai, anka ture tsohon kan jirginsu cikin ciyawa, sai babbansu ya ba Labo usur ɗin jirgin, na tagulla, tsawon kamu guda. Da shi ya dawo gida, bayan babban farin nan.

To, sai hira ta tashi daga bakin maƙera ta koma ƙofar Labo. Kullum bayan la'asar shina goge usur da tsamiya da toka, shina faɗin yadda wutar jirgi ke cin kwal. Har Liman na tsayawa. Munkaila na jiyo dariyarsu, shina dukan ƙarfe shi ɗaya, abin na cin shi. Shi da ya tsufa gaban wuta, yau wutar Labo ake zance!

Amma usur ɗin bai kuka. Maza sun hura har idonsu ya yi ja, shiru. Labo ya ce sai da tururi.

Ran nan Munkaila ya zo ya tsaya bisa kansu. "Kai Labo, ka ji tsoron Allah. Bututun banza ka tsinto kana ruɗin mutane. Kawo shi maƙera. In zugazugina bai sa shi magana ba, in narke shi mundaye."

"Yaya, ba a yi haka ba."

"Tsoro kake?"

Mutane sunka zuba wa Labo ido, wasu har sun fara murmushi. Sai ya miƙa usur ɗin, kowa ya bi su maƙera.

Munkaila ya ɗaura bakin zugazugi ga usur, ya liƙe da yumɓu sosai, don kada a ce ya yi ha'inci. Ya danna da duk haushin da ke cikinshi.

Wallahi sai abu ya yi kuka! Wani dogon nishi mai kauri, har jakin Liman ya tsinke igiya. Labo ya zauna ƙasa, hawaye na zuba. "Shi ne. Haka yake yi in mun baro Gusau."

Tun ranar usur ya zauna maƙera, tunda can kaɗai yake kuka. Hira ta dawo wa Munkaila. Sai dai duk wanda ya shigo, ko gaisuwa bai gamawa sai ya ce, "Maƙeri, a busa muna usur ɗin Labo."

Har bayan rasuwar Labo, Munkaila ke goge shi da tsamiya, shina gunaguni: "Na Labo, na Labo. Iskar ta wa ce?"