Kawu Ilu da Cigiyar Duniyar Mars

Ku da kuka san Kawu Ilu a Dayi kun san bai taɓa gaida mutum yana kallon fuskarsa ba. Ƙasa yake kallo. Sai ya dubi sawunka ya ce, "Daga Danja kake, kuma takalmin nan na aro ne." Akuya ta ɓace, jaki ya tsinke, tsohuwa ta manta hanyar gidan biki, duk shi ake kira, kuma sai ya kawo su. Abu guda ne ya gagare shi: ɗansa Habu, da ya tafi cirani Kudu tun ina goye, aka daina jin ɗuriyarsa. Ba ma ambatarsa a gaban Kawu.

Ni na jawo mana aiki. Ina koyarwa a Malumfashi, da na zo hutu sai na nuna masa a waya yadda masana ke tsefe hotunan da kumbo ke ɗaukowa daga saman duniyar Mars. Wata na'ura suke nema, wadda suka aika tun da daɗewa, ranar da za ta sauka ta yi shiru.

Kawu ya gyara zama. "Sun yi cigiya?"

Na ce Kawu, ai can babu mutane.

"Su suka faɗa miki? Mutum ya ɓatar da kaya, bai yi cigiya ba, wai shi masani!"

Ranar Juma'a sai ga shi wajen ladan, wai a yi masa cigiyar na'urar. Ladan ya rantse ba zai ce Mars a lasifikar masallaci ba. Kawu bai ja da shi ba, ya wuce kasuwa ya yi cigiyarsa da bakinsa, har da kamanni: fara ce, mai kama da faifai, ba ta cizo.

Daga nan wayata ta zama tasa. Yana zaune gindin darbejiya da tabarau biyu, nasa da na matarsa Inna, ɗaya kan ɗaya, yana tsaki wai wannan jar ƙasa ko gyaɗa ba wanda ya jefa mata. Wata rana da hantsi ya tara gidan kaf, ya gano ta! Ga ta nan, ɗan ɗigo fari. Inna ta leƙo, ta sa yatsa ta ɗauke ɗigon ta jefa baki. Ashe ƙwayar riɗi ce, daga kantun da ya karya da shi. Muka yi dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ko a jikinsa.

"Ku shaida," in ji shi. "Ni na gano ta, ita ta cinye."

Masu kayan ne suka gano abarsu a ƙarshe, lokacin Kawu ya riga ya kwanta ciwo. Na kai masa hoton: ɗigo mai sheƙi, zaune daram inda aka nufa da ita. Na bayyana masa cewa fukafukanta ne ba su gama buɗewa ba, shi ya hana ta aiko saƙo. Na zaci zai ce sun makara. Sai ya daɗe yana kallo.

"Ashe ta isa lafiya," ya ce a hankali. "Hanyar aiko da magana ce kawai ba ta samu ba."

Inna ta miƙe ta shige ɗaki. Ni ma hawaye suka zubo mini, don na san ba na'ura yake nufi ba.

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya haskaka kabarinsa. Ya Allah, Kai da ba abin da ke ɓace Maka, in Habu na raye Ka buɗe masa hanyar aiko mana da magana. In kuwa ya riga Kawu tafiya, Ka nuna wa Kawu sawunsa.