Ɗanliti ba ɓera ba ne

Ina cikin jirgin ƙasa daga Birmingham zuwa Manchester, kwandon Ɗanliti a kan cinyata, sai ga kiran Yaya Habibu.

Ɗanliti ferret ɗina ne, ɗan dabbar gida mai kama da tunku. Shekara biyar muna tare a gidana na unguwar Old Trafford da ke Manchester. Watan jiya ya fara jan ƙafafun baya. Yau likitan dabbobi a Birmingham ya ce kansar ɓargo ce, ta taɓa ƙashin bayansa. Ba ta warkewa, amma da magani zai ci abinci, ya yi wasa ba raɗaɗi.

Na faɗa wa Yaya. Sai ya fashe da dariya.

"Haba Zainab, har da fashin aiki saboda ɓera? A yi masa allura ya huta, ki samo mage."

Na ce, "Yaya, da aurena ya mutu na yi wata uku ban ɗaga labule ba, wa ya leƙo ni? Ɗanliti ne yake cizon yatsana har in tashi in ba shi abinci, ni ma in ci. Ranar da wahala ta fi ƙarfinsa zan haƙura. Amma ba yau ba."

Can ya ce, "To, Allah Ya ba shi sauƙi."

Mun iso gida, Ɗanliti ya sha magani, ya lashe rabin ƙwai.

Mai dariya ya yi ta yi. Ku faɗa min, sai an auna girman mai rai kafin a tausaya masa?