Can Azumi, Nan Sallah

Da hantsi yayana ya bugo waya daga Matameye. Sun sauko Idi, ina jin ganga a bayansa. Mu kuwa, a ƙauyen mijina da ke tsallaken iyaka, azumi muke, na talatin. Tun da Bature ya raba mu, dangin mijina Ingilishi, nawa Faranshi, wata ɗaya muke dubawa amma ba baki ɗaya muke saurara ba. A garinmu gwamnati ke shela a rediyo. A nan sai sarki ya faɗa.

Na tsokani mijina, Malam Habu, ladanin ƙauyen, na ce watanmu ya fi nasu sauri. Ya yi dariya, ya ci gaba da ɗinke tabarmar masallaci.

Ƙarfe tara da rabi muka ji babura. Da yawa, daga kudu. Sai harbi. Kaji suka watse. Wani ya yi ihu daga bakin rijiya: "Ku fita ta arewa!"

Na suri butar alwala, ban san dalili ba. Malam ya koma buɗe wa awaki. Wannan taurin kai nasa! Yana fitowa harsashi ya same shi a cinya. Na yage zanena na ɗaure, na sa kafaɗa a hammatarsa.

Ƙarfe sha ɗaya muna cikin gonaki, tsakiyar bazara, ƙasa kamar tanda. Hayaƙi a bayanmu. Na kafa kai na sha daga butar, ban ji kunyar kowa ba. Na miƙa masa, ya kau da kai.

Na roƙe shi. Na ce shi da bakinsa yake karantar da cewa majinyaci da matafiyi suna sha. Har zaginsa na yi, Allah ya yafe mini. Ya ce mutanen da yake kira wa salla suna can kwance da azumi a baki, ba zai riga su ba.

"Kai ni turken iyaka, Zulai," ya ce. "Can Sallah ake, azumi bai halatta ba. Zan sha."

Daga nan jan sa kawai nake. Azahar ta yi, leɓensa ya tsage. Ya faɗi sau uku. A na ukun na goya shi, ni da ban kai shi tsayi ba. Ƙafafunsa na jan ƙasa. Tsoro nake ji, wallahi, da haushinsa.

Wajen ƙarfe uku na hango turken siminti a gindin wata gawo. Na sauke shi taku biyu a arewa da turken. Na ɗaga kansa, na ce mun shigo. Ya yi bisimilla. Kurɓa biyu ya yi, ta uku ta gangaro gemunsa.

Wani mai amalanke daga wajen Yauri ta kusa da Matameye, cikin sabuwar rigar Sallah, ya ɗauke mu. Ba mu kai asibiti da ransa ba.

A Matameye aka rufe shi kafin magariba. Ƙauyenmu ban koma ba, an ce rabinsa toka ne. Danginsa suna cewa ya rasu a watan azumi. Nawa suna cewa ranar Sallah. Duk wanda ya faɗa, sai in ce haka ne.