Osmel Villasmil, Ba Kai Suka Zo Kallo Ba

Ranar Litinin, takwas ga watan Satumba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Osmel Villasmil a babban asibitin gundumarmu, yana da shekara talatin da ɗaya. Jini ne ya taru masa a cikin kai. Ya bar matarsa Yusmary, da 'yarsu Oriana mai shekara bakwai, da mahaifiyarsa, dukkansu a Cabimas ta ƙasar Venezuela. Ya kuma bar mu, ni Marlys Tollefson da mijina Duane, a nan Harlow Falls, inda ya yi kakar wasa shida a ɗakin sama na gidanmu yana buga wa ƙaramar ƙungiyar besbol ta garinmu wasa.

An ce ta'aziyya da sanyin zuciya ake rubuta ta. Na gwada, Osmel. Na zauna, na tashi, na sake zama, zuciyar ta ƙi sanyi. Don haka zan rubuta da wadda nake da ita.

Na tuna ranar da ka fara zuwa. Watan Afrilu ne, ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Ka sauko daga motar ƙungiya da wata 'yar riga shara-shara, haƙoranka na haɗuwa, amma kana murmushi. Duane ya tuɓe rigar sanyinsa ya yafa maka. Ka dubi rigar, ka dubi tumbinsa, ka ce, "Baba, wannan ai ni da jakata za ta ɗauke mu, har a sami wurin baƙo." Tun daga ranar Duane ya zama Baba, ni na zama Mama, ba wanda ya nemi izinin wani.

Mun saukar da 'yan wasa da yawa kafin kai, amma ba wanda ya ƙwace mini kicin sai kai. Duk Lahadi sai ka toya wainar masarar nan taku ta arepa har ƙararrawar hayaƙi ta tashi, maƙwabta su leƙo. In na dafa nawa kuwa, sai ka ɗanɗana ka girgiza kai ka ce, "Mama, wai me barkono ya yi miki kika kore shi daga gidan nan?" Kai ne ka riƙa kwaso yaran da suka zo daga ƙasashenku ba su jin Turanci, ka zaunar da su a teburina, ka koya musu yadda za su sayi abinci, da yadda za su ce wa likita ga inda ke ciwo. Wani cikinsu ya yi wata guda ba ya cin komai sai kaza da shinkafa, don su kaɗai ya iya faɗa, kuma kunya ta hana shi tambaya. Kai ka gano.

Shekarar da Duane ya sami shanyewar ɓarin jiki, kai ne kake ɗaukarsa zuwa wanka kafin ka tafi fili. Mutum ne mai jin kansa, ya tsani a ɗauke shi, yana zaginka da rabin bakin da ya rage masa. Kai kuwa ka ce, "Baba, yi shiru. Yaran da nake ɗauka a fili sun fi ka nauyi, su ko zagin ma ba sa yi mini." A ranar na fara jin dariyarsa tun da ya kwanta.

A ƙaramar gasa irin tamu kowa ya san 'yan wasa kashi biyu ne. Akwai waɗanda uwar ƙungiya a birni ta sa wa rai, tana jiran su nuna ta ɗauke su zuwa babbar gasa. Akwai kuma waɗanda aka ajiye don na farkon su sami abokan wasa. Kai kana cikin na biyun, ka kuma sani. Aikinka tsuguno ne a bayan mai bugu, kana cafke ƙwallon da mai jifa ya wurgo, kana nuna masa da yatsu irin wadda zai jefo. Gwiwoyinka sun ƙare a wannan tsugunon. Yara nawa suka bi ta hannunka suka wuce sama? Muna ganinsu a talabijin, kai kana tsalle a falo kamar kai aka ɗauka.

Bana aka kawo maka Tate Holloman, mai jifa ɗan shekara ashirin daga jihar Georgia, wanda duk ƙasar nan ke zancen hannunsa na dama. Wasansa na farko ya rikice, jifa ta ƙi zuwa inda yake so, fuskarsa ta yi ja kamar zai fashe da kuka. Ka miƙe, ka taka har tudun jifa, kuka yi magana, sai muka ga yaron yana dariya. Da na tambaye ka me ka ce masa, ka ce sunan karensa ka tambaya. Ya ce Biskit. Ka ce, "To Biskit na gida yana kallo, kada ka ba shi kunya a gaban sauran karnuka." Daga ranar Tate ba ya son kowa ya tsuguna masa sai kai.

Saboda Tate filinmu ya cika da baƙi. Masu farautar 'yan wasa da na'urar auna gudun ƙwallo, da masu rubutu a intanet da ke jera wa mutane wane yaro ne ya tashi, wane ne ya faɗi, da masu ɗaukar hoto da waya. Kujerunsu na bayanka daidai, raga kawai ta raba ku. Wata biyar suna kallon bayanka, sunanka na rubuce a rigarka, amma na rantse a cikinsu ba wanda ya karanta. Wata rana ina jin ɗaya yana tambayar ɗan'uwansa, "Wane ne wannan tsohon?" Ɗayan ya ce, "Ba kowa ba ne, cikon benci ne." Ka yi dariya da na faɗa maka. Ni ban yi ba.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe, wani mai bugu ya kai wa ƙwallo duka ya kuskure, sandar ta zagayo ta same ka a ƙeya, ƙasan hular kwano. Daga inda nake zaune na ji ƙarar. Ka kife, ka jima, sannan ka miƙe. Mai kula da lafiyar 'yan wasa ya fito, ya ɗaga maka yatsu, ya tambaye ka yau wace rana, ya dafa kafaɗarka, ya koma. Iyakar gwajin da aka yi maka ke nan. Ka ƙarasa wasan.

Da safiyar Juma'a ka yi amai a kicin. Ka rufe labule ka ce hasken na soka maka ido. Ka kira ni Yusmary. Na ɗauki makullin mota na ce tashi mu je asibiti, ka ƙi. Ka ce Lahadi Tate zai yi jifarsa ta ƙarshe, manyan uwar ƙungiya za su zo da kansu. Na ce manyan su ci kansu. Sai ka riƙe hannuna ka ce, "Mama, sun ce baɗi za su ba ni aikin koci. In na samu, zan kawo Yusmary da Oriana. In na ce kaina na ciwo yanzu, a shekaruna, wa zai sake kirana? Bari Lahadi ta wuce, Litinin ki kai ni duk inda kike so."

Ina fushi da kai a kan wannan, ɗana, kuma ba zan ɓoye ba. Kai da ka koya wa yaran mutane yadda za su ce ga inda ke ciwo, da ya zo kanka ka kulle baki. Amma na san wa ya koya maka tsoron. Shekara goma sha uku kana wannan sana'a, ana nuna maka cewa akwai wani a bakin ƙofa yana jiran gurbinka.

Da ka ƙi, sai na tafi wurin kocinku, Burdette, ranar Asabar. Na same shi a ofis, na faɗa masa aman, da labulen, da sunan da ka kira ni. Na roƙe shi ya sa a kai ka asibiti a ɗauki hoton cikin kanka. Bai ko ce in zauna ba. Ya ce, "Madam Tollefson, mun hutar da shi jiya da yau, me kike so kuma? Mutanenmu sun duba shi, shi ma ya ce lafiyarsa lau." Na ce ai akwai wani mai cafka, a sa shi. Ya ce manya na son ganin Tate a yadda ya fi kyau, kuma Tate ya fi kyau da Osmel. Da na ɗaga murya sai ya ce, "Ki yi haƙuri, amma ke ba danginsa ba ce." Mutumin da ya ci abinci a gidana ba sau ɗaya ba.

Lahadi da rana fili ya cika maƙil. Tate yana jifa kamar ba mutum ba, masu bugu na zuwa suna komawa. Ana tsakiyar wasa wata ƙwallo ta goge sanda ta daki garkuwar fuskarka. Ka zauna daɓas a ƙasa. Alƙalin wasa ya sunkuya ya yi maka magana, ya ɗago ya dubi bencinku. Ba wanda ya fito. Na miƙe ina ihu a cire ka. Wani mai na'ura a bayana ya taɓa ni ya ce, "Madam, zauna mana, kina tare mana." Kai kuma ka gyara hula, ka sake tsugunawa, ka nuna wa yaron yatsu.

Da aka tashi, duk suka ruga suka kewaye Tate, manyan da masu waya da masu neman sa hannu. Ba wanda ya waiwayi benci. Tate ne da kansa ya kutsa ya fita daga cikinsu don ya yi maka godiya. Ya same ka a zaune, ka kwance makarin ƙafa ɗaya, ɗayan na nan a ɗaure, kanka ya jingina da bango. Ya kira ka, ba ka amsa ba. Ihunsa ne ya sa aka san akwai abin da ya faru. Likitan da ya karɓe ka a asibiti ya dube ni ya ce, "Me ya hana a kawo shi tun Alhamis?" Ba ka sake buɗe ido ba.

A ranar da ka cika, na buɗe shafukan masu bin yaran nan. Kowanne ya rubuta yadda Holloman ya rufe kaka, da gudun ƙwallonsa, da lokacin da ake sa ran ganinsa a babbar gasa. Ɗaya ne kawai ya ƙara a can ƙasa cewa an kai wani mai cafka asibiti bayan wasa. Wani mai cafka! Uwar ƙungiya ta fitar da sanarwa washegari, ta kira ka mai kishi, mai sadaukarwa, ba ta ambaci Alhamis ba ko da kalma ɗaya. Kayanka kuwa a baƙar ledar shara aka kawo su, aka ajiye a ƙofar gidana, wai ana sauri a rufe ɗakin 'yan wasa tunda kaka ta ƙare. Sannan wani mai laushin murya ya bugo waya daga birni, ya yi mini gaisuwa, ya roƙe ni kada in yi magana da 'yan jarida sai an kammala bincike. Na ce masa ba sai sun zo ba, ni zan rubuta da hannuna. Ga shi na rubuta, da sunana a kai, kuma duk inda aka kira ni zan maimaita.

Tate ba ya cikin waɗanda nake tuhuma. Ka ɓoye masa, kamar yadda ka ɓoye wa matarka. An kira shi zuwa ƙungiyar da ke sama da tamu don wasannin neman kofi, ya ƙi hawa jirgin. Ya zo ya zauna a kicin ɗina, ƙato da shi, yana kuka yana cewa, "Mama, da na sani ko jifa ɗaya ba zan yi ba." Na ce ya share hawaye ya ci abinci. Shi ya raka akwatinka har filin jirgin sama, shi ya tsaya har aka ɗora ka. Na gaya masa ya koma ya yi wasansa, ya kai inda zai kai, amma duk ranar da aka sa masa makirufo a baki ya faɗi sunanka cikakke. Ya yi mini alkawari.

Ku kuma masu bin yara masu tasowa, baɗi za ku dawo da na'urorinku, za a kawo muku sabon hannu ku auna. Ba na hana ku. Amma ku sani mutum ya mutu a gabanku, taku kaɗan daga kujerunku, kuna duba lamba.

Yusmary, 'yata, ba mu taɓa haɗuwa ba sai ta waya, amma ina yi miki ta'aziyyar mijinki da dukan zuciyata. Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin riƙon Oriana. Oriana, babanki mutumin kirki ne, duk garin nan shaida ne, in kin girma ki zo mu ba ki labarinsa. Mama Coromoto, ke kika haife shi, ni aro aka ba ni, kuma na ga tarbiyyar da kika yi. Allah ya sanyaya miki. Ina kuma yi wa yaran ƙungiya ta'aziyya, musamman waɗanda ba su da mai yi musu magana yanzu.

Osmel, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, har da taurin kan nan. Ya karɓe ka da rahama, ya ba ka hutun da ba a ba ka ba a nan. Ubangiji ya tsare 'yarka, ya raya ta, ya sa kada ta taɓa jin tsoron cewa ga inda ke mata ciwo.

Fastonmu ya zo jiya, ya ce in roƙa wa waɗancan gafara su ma, in kuma yafe. Na ce masa na ji. Wataƙila wata rana Allah zai ba ni ikon yi. Yau dai ban yafe ba.