Malam Dalhatu da Gonar da Ya Hutar

Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, 1986, ina bakin kwatar ban-ruwa ina jiran layin ruwana ya zo, sai Dattijo direban motar tumatir ya tsaya ya ce da ni, "Malam Tambaya, ka bar ruwan nan ka wuce gidan Malam Dalhatu Gidaɗo." Ban tambaye shi abin da ya faru ba, don na riga na sani. Wanda ya ba mu aronka shekara sittin da ɗaya ya karɓi abinsa, mu ma muna tafe. Bayan azahar muka kai ka makwancinka a ƙauyenmu na gabashin Bunkure.

Malam, tare muka yi karatun allo a zaure ɗaya. Ni na tsaya a nan na riƙe fartanya, kai kuwa karatu ya ja ka har ƙasar Sudan. A can ka haɗu da wani tsohon Bayahude mai sayar da yadi, wanda ka riƙa zama a shagonsa yana koya maka Ibrananci, harshen mutanen Annabi Musa, kai kuma kana rubuta masa wasiƙunsa na Larabci. Da ka dawo ka yi shekara ashirin da 'yan kai kana koyar da Larabci da addini a makarantun gwamnati. Da ruwan Tiga ya iso mana, ka ajiye alli ka dawo gonar mahaifinka.

Ba ka taɓa ɓoye wannan karatu ba. Idan muka zauna gindin mangwaron gonarka, sai ka zana baƙaƙen Yahudawa a ƙasa da tsinke. Kai ka faɗa mini cewa a harshensu sunan Adamu da sunan ƙasar noma tushensu ɗaya, haka kuma rahama da mahaifar uwa. Wata rana na yaba maka saboda kana barin gefen fangalinka ba a tsinke ba, don matan da ke zuwa kala su samu na miya. Sai ka ce, "Tambaya, kada ka yaba mini. Kalmar da suke kiran sadaka da ita, daga adalci ta fito. Ba kyauta na ba su ba, nasu ne ya tsiro a wurina." Na daɗe ina juya wannan magana. Haka kuma ka ce hutun ƙarshen mako da ma'aikatan gwamnati ke taƙama da shi, asalinsa daga mutanen da suka ce ko jaki yana da ranar hutawa ne. Kuma tunanin cewa mai mulki ma yana ƙarƙashin doka ya sha nono daga annabawan da suka tsaya gaban sarakuna suka faɗa musu laifinsu. Kakan ce, "Annabawan nan namu ne. Me zai hana mu ji yadda mutanensu suka fahimce su?"

Gonarka tana farkon kwata, inda ruwa ke fara zuwa. Waɗanda ke can ƙarshe kuwa sau da yawa sai dai su ga laka. Kowane mako kakan toshe bakin ruwanka yini guda, ka bar rabonka ya gangara musu. Fulanin da ke saukowa da rani sun san gonar da ba a korar shanu daga cin karanta. Ba ka taɓa tara mutane ka yi musu wa'azi a kan haka ba.

Shekara biyu da suka wuce ƙasarka ta fara fitar da farin gishiri, tumatir ya fara ƙanƙancewa. Ka ce shekara da shekaru tana aiki rani da damina, ta gaji. Mutanen Annabi Musa kuwa sukan hutar da gona a shekara ta bakwai, kakanninmu ma sukan bar saura. Ka bar ta ba shuka. A nan maganar ta ɓaci. Wanda ya daɗe yana kallon layin ruwanka, wani babban manomin alkama da ba zan kira sunansa ba, ya kai zance gaban ƙungiyar manoman sashenmu cewa ruwa ba ya jiran mai hutu. Wasu suka ƙara da cewa Malam ya koma bin dokar Yahudawa. Lokacin kuwa tarzomar addini da aka yi a birni ba ta gama fita daga zukata ba, kowa yana tsoron malamin da ya zo da abin da ba a saba ji ba.

Ni ne magatakardan ƙungiyar. Ina zaune da biro a hannu lokacin da ka miƙe ka ce, "Ni Musulmi ne, salla ba ta taɓa wuce ni a sahunku ba. Gona na hutar, ban canja alƙibla ba." Ka juyo ka dube ni, domin ni kaɗai na san farkon maganar da ƙarshenta. Na sunkuyar da kai ina rubutu. Ina da 'ya'ya tara da fangali shida, kuma na ji tsoron a haɗa ni da kai. Aka yanke a cire ka, da hannuna na goge sunanka daga layin ruwa.

An ce na shekara ɗaya ne. Da shekarar ta cika, ka yi renon irin tumatir, ka zo neman layinka, aka ce a dakata sai an zauna. Na je wurin shugaban ƙungiya sau huɗu, na je wurin mai unguwa, kowa ya ce ba shi ba ne. Ka riƙa ɗibar ruwa da garwa daga kwata kana ba dashen, kai da tari ya riga ya kama ƙirjinka. Kafin mako uku dashen ya ƙone. A masallaci kuma, inda da kai ake turawa gaba idan liman ba ya nan, sai aka koma duban wani.

Na zo duba ka ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarka, da niyyar in roƙi gafara. Kai ka fara magana, ka tambaye ni ko ruwa yana kaiwa ga mutanen ƙarshen kwata bana. Na ce ba ya kaiwa. Sai ka ce, "A harshen mutanen Annabi Musa, tuba ita ce komawa. Wanda ya ɓace hanya ba kuka ake so ya yi ba, juyawa ake so ya yi." Na ce, "Malam, ta ina zan juya?" Tari ya sarƙe ka, matarka Hajara ta shigo da ruwa, maganar ba ta ƙarasu ba.

Ran sadakar bakwai, matarka Hajara ta aiko a kira ni zaure. Ta turo mini akwatin ƙarfe daga bayan labule, ta ce ka bar wasiyya a ba ni. Littattafan rubutu ne guda goma sha huɗu, aikin shekarunka, ajami a wani shafi, baƙaƙen Ibrananci a wani. Ta ce, "Malam Tambaya, me ya rubuta a ciki? Ko da ɗan kaɗan ne, a karanta mini." Na buɗe na farko, na buɗe na biyu. Ajamin yana nuni ga kalmomin da ban iya karantawa ba, kuma duk ƙasar Kura da Bunkure ban san wanda ya iya ba. Na ce mata, "Hannunsa ne dai, Hajara. Iyakar abin da na gane ke nan."

Allah ya jiƙanka, Malam Dalhatu. Ya yalwata kabarinka, ya sa ka huta hutun da ka nema wa ƙasa da dabba da talaka. Ya karɓi shaidar matan kala da manoman ƙarshen kwata a kanka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajara, da 'ya'yanka Lukmanu da Saude, da ɗalibanka a duk inda suke; Allah ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba tukuna. Ni kuwa ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya saka ni a addu'a, domin wanda zai ce ya yafe mini da bakinsa ya riga ya tafi.

Tambaya Jaji, Bunkure