Farfelar da Na Manna a Hanci

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai ɗauke ranar da na gyara wa 'yata jirginta, saura ƙiris in ɓata tsakaninmu.

Lokacin muna ƙasar waje, a garin Manassas, ina aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma tana da shekara goma sha uku. Ina da wani hali da sai daga baya na yarda ciwo ne: ba a nuna min abu in bar shi yadda yake. Ta kawo zane, in ɗauki fensir. Ta kawo lissafi, in goge in sake. A hankali yarinyar ta daina kawowa, ƙofar ɗakinta ta koma kullum a rufe. Shi ya sa na ji daɗi da ta fito da jirgin ta ajiye a teburin falo. Wata biyu ta yi tana sassaƙa shi da katako mara nauyi, don baje kolin tarihi na makarantarsu ranar Litinin. Ta ce samfurin wani jirgin saman yaƙin Japan ne da aka gwada a Yaƙin Duniya na Biyu, amma ba a kai ga ƙera shi da yawa ba. Na ce madalla, ina latsa waya.

Ranar Asabar da hantsi, tana Islamiyya, na ga farfelar a gefe ba a manna ba. Na duba hancin jirgin, babu huji. Na ce Allah sarki, yarinya ta manta. Ni da na tashi a Kaduna ina kallon jiragen soja, wa zai koya min inda farfela take? Na ɗauko abin huda, na huda hancin, na zuba gam mai ƙarfi, na manna. Akwai huji a wutsiya, na gan shi sarai, amma na ce ta nan hayaƙi ke fita.

Da ta dawo ta tsaya a kan jirgin, jaka a kafaɗa. Kullum da Turanci take amsa min, amma ranar da Hausa ta yi magana.

"Abba, a baya take."

Na yi dariya na ce, "Haba Mamana, jirgin sama ne ko kwale-kwale?"

Ba ta yi kuka ba. Ta hau sama, ta rufe ƙofa a hankali. Uwarta ta fito daga kicin ta dube ni ta ce, "Ta saka ka? Sau uku na kai ta gidan adana jiragen nan na kusa da filin jirgi tana aunawa. Je ka gani mana."

Gaskiya don in ƙaryata su na tafi. Sai ga gaban jirgin a ajiye, tsohon ƙarfe, hancinsa a toshe, ko alamar wurin farfela babu. A jikin allo ga hotonsa cikakke: ƙananan fukafukai a gaba, manya a baya, farfela a wutsiya. Wani dattijo mai yi wa baƙi bayani ya ce an mayar da injin bayan matuƙi ne don bindigogi su samu wuri a hanci, kuma 'yan tashin gwaji kawai ya yi yaƙi ya ƙare. Na gode masa na fito.

A hanyar gida tsoro ya kama ni sosai. Katako ai ana sake sassaƙa shi. Abin da na ji tsoro shi ne ƙofar nan ta rufu ke nan. Na hau, na ƙwanƙwasa, na ce, "Mamana, na je na gani. Ke ce da gaskiya. Ki yafe min." Tunda na haife ta ban taɓa furta mata wannan kalma ba.

Na tsaya a bakin ƙofar har na fara cire rai. Can sai ƙofar ta buɗe.

"Gam ɗin yana fita?"

"Ba ya fita, sai an yanke."

"To ni zan yanka. Kai riƙe kawai."

Awa biyu ina riƙe da jirgi tana yanka da reza. Na ga hannunta ya karkace, gyara ya zo min har leɓe, na haɗiye. Ta cike hujin, ta shafa fenti, tabon dai bai ɓuya ba. Haka ta kai shi ranar Litinin, ba ta zo ta ɗaya ba, kuma ko a jikinta. Da muka dawo ba ta rufe ƙofa ba.

Ranar na koyi cewa iya aikin hannu bai ba ni izinin taɓa abin da ban tambaya ba, ko da na 'yar cikina ne. Yanzu tana jami'a tana karatun injiniya, kuma har yau tana turo min zanenta. Kafin in ce uffan, sai na tambaya, "Mamana, ina ne gaban?"