Furfurar Madam Bake

Sabi, magatakarda a ofishin jarrabawa na Parakou a Jamhuriyar Benin, yana kallon matar da ke tsaye gaban tagarsa. Ta sha hoda, ta kafa ɗauri kamar mai zuwa biki, amma hannunta duk tabon ƙuna, da alama tuyar doya take a tasha. Shaidar gama sakandare take nema, wadda ta kuɓuce mata tun tana budurwa.

"Madam Bake, tallafin kuɗin jarrabawa na 'yan shekara arba'in ne zuwa sama. Takardar haihuwarki ta ce talatin da bakwai."

"Ƙarya take! Babana ya rage min biyar don a ɗauke ni makaranta."

"Ni dai takarda na sani."

Ta waiga. Layin cike yake da matan kasuwa, kowacce ta kasa kunne. Sabi ya tabbata ta daɗe tana ce musu yaya. Ta ja numfashi, ta warware ɗankwalin, ta turo kai ta taga. Gashin fari fat!

"Ƙirga, ɗan nan."

Sabi ya danne dariya, ya jawo fom.

Wata daga baya ta ce, "Au! Bake, ashe ni ce ƙanwar?"

"Bari in ci jarrabawa tukuna. Sannan ki zo ki gaishe ni a durƙushe."